Neman taimako: sa dikodar DCC a tsohon kan jirgi mai kwal na Tri-ang Hornby

DanBarnawa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah masu harkar ƙananan jiragen ƙasa da masu gyaran lantarki ku leƙo nan kafin in yi ɓarna. Ina da ɗan layi da na shimfiɗa kan falanki a ɗakin waje, sikelin OO ne (wani girma na ƙananan jiragen wasa), kwantirola ta DCC, wato tsarin da ake aika umarni ta layi zuwa wata 'yar na'ura mai suna dikoda da ke cikin kowane kan jirgi, da kawunan dizal guda biyu waɗanda dama sun zo da soket mai fil 8, toshen ciki kawai na zare na cusa dikoda shikenan suka tashi. To yanzu akwai wani tsohon kai mai kwal da aka bani cikin kayan marigayi kawuna, shi ya taho dashi daga Ingila lokacin da yaje karatu farkon shekarun 1970, Flying Scotsman ne kore mai lamba 4472, a ƙasansa an rubuta sunan kamfanin, Tri-ang Hornby. Na gwada shi da tsohon taransifomansa na DC yana tafiya, sai dai yana cijewa a kan mararraba kuma in ya jima yana zagaye moto ɗin na ɗaukar zafi har da ɗan ƙauri.

Na cire bodin na duba, ba soket ba komai, moto ne tsirara kana ganin koyil ɗinsa, waya ɗaya ce ta taso daga ƙafafu taje kan buroshi ɗaya, sai wani ɗan kafasita da ƙaramin kwan fitila a wajen murhu. Ɗayan buroshin kuwa ban ga wayar da taje masa ba sam, amma kuma yana aiki. Ina da rarar dikoda ɗaya mai fil 8, shin zan iya yanke kan dikodar mai fil ɗin in liƙa wayoyin kai tsaye? wace zata je ina? kuma a ina zan ɓoye ta tunda cikin tukunyar ba wani fili? In da hali ma inaso wata rana yayi ƙara irin ta jirgin gaske, yarana sun dame ni wai nasu na dizal ɗin sun fi na kaka.

MaiDalma_Panteka ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam ajiye ayan ɗin dalmar nan tukun, ka cire shi daga wuta ma. Wannan buroshin da kace baka ga waya a kansa ba shine duk maganar, in ka fahimce shi sauran aikin na minti talatin ne, in baka fahimce shi ba kuɗinka ne zai tashi a hayaƙi kafin ka ƙifta ido.

Moto ɗin da ke cikin abinka X04 ake ce masa, Tri-ang sun sa shi a kawuna da yawa na wancan zamanin. Ka duba samansa zaka ga wani siririn sifirin mai ƙafa biyu wanda yake danne buroshi biyun a kan kwamiteta, wato ɓangaren moton mai juyawa da buroshin ke shafa, ƙafa ɗaya an sa mata riga ta roba ɗayar kuma tsirara take. To wannan tsirarar ita ce wayar da kake nema. Wuta tana shigowa ta ƙafafun gefe ɗaya, ta bi aksul ɗin ƙafar ta shiga shasi, daga shasi ta hau jikin moto ta bi sifirin ɗin nan ta sauka kan buroshi, kaga kenan gangar jikin gaba ɗaya waya ce. A DC wannan dabara ce mai kyau, sun rage waya ɗaya. A DCC kuwa ita ce ajalin dikoda, saboda dikoda tsakiya take zama, wutar layi ta shigo mata ta waya biyu, ita kuma ta fitar da tata wutar ta wasu waya biyun daban zuwa moto, kuma haramun ne waɗannan su taɓa waɗancan. Kamar ka haɗa janareta da wutar gwamnati a gida ɗaya ba canji-oba ne, kasan dai abinda zai biyo baya.

Yadda zakayi, ka samu waya mai ɗan kauri ka zare robarta kamar tsawon gaɓar yatsa, ka zura wa tsirarar ƙafar sifirin ɗin, itama ta samu riga kamar 'yar uwarta. In kana da robar nan mai tsukewa in taji zafi yafi, masu gyaran waya duk suna da ita. Sai ka cire tsohuwar wayar da kafasitan, dikoda bata buƙatarsa, wasu ma yana rikita musu lissafin juyawar moto. Daga nan kar ka yarda da idonka, ɗauko mita ka sa ta a wajen da take yin tsiii, ka ɗora baki ɗaya a kan buroshi ɗayan a jikin shasi, sannan a kan kowace ƙafa hagu da dama, ka maimaita da ɗayan buroshin. In kaji ko ɗan ƙyas to akwai inda yake taɓawa, ka nemo shi. Shiru kake nema.

Launin wayoyi kuma ba sai ka yi canke ba, tsari ɗaya ne kusan duk kamfanoni suke bi, na ƙungiyar NMRA ta Amurka. Ja da baƙi sune na layi, ja ta ɗauko daga dogon dama in jirgin na fuskantar gaba, baƙa daga na hagu. Ruwan lemo da ruwan toka sune na moto. Shuɗiya ita ce uwar fitilu, fara fitilar gaba, rawaya ta baya, koriya kuma rara ce ka sa mata abinda kake so. A naka ɗaya daga cikin ja da baƙin zata je kan farantin da yake shafar ƙafafu, ɗayar kuma jikin shasi, mita ce zata gaya maka wane gefe ne wane. Shasin nan fa baya kama dalma, irin ƙarfen zubi ne, duk zafin da zaka bashi dalmar zata dunƙule ta gangare, sai dai ka naɗa wayar a ɗan washa ka ɗaure ta ƙarƙashin sukuru. Sannan in zaka liƙa waya a buroshi ka fito dashi waje tukun, ka liƙa can sama nesa da gawayin kuma da sauri, in ka daɗe gawayin zai iya saki ya faɗo.

Abu ɗaya kuma, kan mai fil 8 ɗin nan ni dai bazan yanke ba. Ka nemi soket ɗinsa mai wayoyi ka liƙa shi a jirgin, gobe in zaka canja zuwa mai ƙara zarewa kawai zakayi.

Kawo_Express ya rubuta:

Ni wallahi banga abin wahalar da kai ba. Wasu kwantirolan ai suna tuƙa kan DC a adireshi 0 ba tare da dikoda ba, ka gwada naka mana. In yaƙi ka goge shi ka ajiye a kabet na tarihi, ka tara kuɗi ka sayi sabon Scotsman wanda dama da soket yazo, yafi kyau yafi laushin tafiya. Kuɗin dikoda mai kyau da kuɗin kawowa a canjin fam na yanzu ya kusa fin kuɗin tsohon kan ma.

MaiDalma_Panteka ya rubuta:

Haba ɗan Kawo, adireshi 0 a moton da dama yake ƙauri? Wutar DCC ai bata tsayawa, gaba da baya take yi dubbai a daƙiƙa ko jirgi na tsaye, shi yasa kake jin yana wannan kukan sauron in ka ɗora shi. Yana tsaye yana dahuwa kenan. Malam DanBarnawa kar ka bar shi kan layin DCC haka nan ko na minti biyar.

Malama_Fiziks ta rubuta:

Salam. Bayanin Malam MaiDalma ya cika ta ɓangaren waya, amma akwai abinda nake so mai tambaya ya auna tun kafin ya taɓa sifirin ɗin, wato yawan wutar da moton yake sha. Zafin nan da ƙaurin da ka ambata su suka ɗaga min hankali. Kowace dikoda akwai iyakar da aka rubuta mata, wasu ƙanana rabin amfiya ne, wasu amfiya 1, wasu sun ɗara haka, kuma motocin da sun fi na yanzu ci nesa ba kusa ba.

Awon ba wuya. Ka ɗora shi kan guntun layi da taransifoman DC, ka juya mita zuwa amfiya 10, ka yanke waya ɗaya mai zuwa layi ka sa mitar a tsakani yadda wutar zata ratsa ta cikinta. Ka buɗe wuta har bolt 12, ka riƙe jirgin da hannu ƙafafu na ta zamewa ka karanta, wannan shine cinsa in yana jan kaya. Sai ka danna shi ƙasa har ƙafafun su tsaya cak, ka karanta ka saki nan take, daƙiƙa ɗaya ko biyu kawai kar ka wuce. Wannan lamba ta biyun ita dikodarka ya kamata ta iya ɗauka, domin ranar da sandar ƙafa ta sarƙe ko ɗan tsakuwa ya shiga giya abinda zata gani kenan.

In lambar tayi yawa sosai abubuwa biyu ake fara zargi. Na farko dattin gawayi da tsohon mai da suka cike tsagogin kwamiteta, guda uku ne a wannan moton, ka sa tsinken sakace ka yashe su a hankali, banda allura ko reza don kar ka yanki siririyar wayar koyil, sai ka goge da auduga da sifirit. Na biyu maganaɗisun ya mutu, abin shekara hamsin ne fa, kuma in yayi rauni moto sai ya ƙara shan wuta ƙarfinsa kuma ya ragu. Ana sayar da sabo na niyodimiyam daidai girman gurbin. Amma in ba canjawa zakayi ba kar ka kwance dogon sukurun da ya ratsa shi don kawai kaga ciki, irin wannan tsohon maganaɗisun yana zubar da ƙarfi da zarar an raba shi da ƙarafan da ke gefensa.

Kwan murhun nan kuma ka cire shi. An yi shi ne don wutar da take hawa tana sauka, in ya zauna kan cikakkiyar wuta kullum zai yi zafin da zai iya lanƙwasa robar bodin. Ka sa LED ja ko ruwan lemo, doguwar ƙafarta zuwa shuɗiyar waya, gajeriyar zuwa koriya, da resista mai om 1000 a tsakani. Layin OO yana kai bolt 14 zuwa 16, LED ta ci kamar 2, saura 12 ko sama kaɗan ka raba da 1000 ka samu wajen miliamfiya 12, ya ishe ta haske kuma bazata ƙone ba. Ɗalibaina da zasu ga irin wannan a aji da dokar Ohm bata basu wahala haka ba.

DanBarnawa ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri. Malama na auna kamar yadda kika ce, yana zamewa yana shan 0.7, da na danne shi ya haura 1.3. Na yashe tsagogin, abinda ya fito baƙi ƙirin kamar kwalli, na ɗiga mai kaɗan a kan 'yan sosunan nan biyu na gaba da bayan moton, na sake aunawa ya dawo 0.4 da kuma kusan 1. Ƙaurin ma ya tafi. Amma dikodar da nake da ita takardarta tace rabin amfiya ne, kenan ta faɗi jarabawa ko? Oga MaiDalma na sa rigar, mita tayi shiru ta ko'ina, sai dai da na mayar da bodi naga kamar yana danna saman buroshin, ko ba komai?

MaiDalma_Panteka ya rubuta:

Da komai. Bodin roba ne bazai yi shot ba amma zai iya ture rigar ta zame, ranar da ta zame kuma shikenan. Ka rage tudun dalmar da ka ɗora, ka sa rigar ta ɗan fi tsawo, kuma ka sake aunawa bayan ka rufe bodi ba kafin ba, ta wayoyin ruwan lemo da ruwan toka da suka fito. Dikodar kuma ajiye ta wa wani ƙaramin kai, ka nemi mai ɗaukar amfiya 1 cur ko fiye, Lenz da Zimo da ESU da TCS duk suna da irinsu, ka karanta lambar da aka ce tana ɗauka kullum ba wadda take ɗauka na ɗan lokaci ba.

Wajen ɓoyewa kuwa taragon kwal ɗin da ke bayansa ai fanko ne, nan zaka sa, har sifika zai ɗauka nan gaba. Waya huɗu zasu tsallaka, biyu su kai wutar layi baya biyu su dawo wa moto, in da fitilar murhu su zama shida. Kar ka naɗe dikodar da baƙin tef kamar kunshin goro, tana buƙatar iska musamman zafin Maris da Afrilu na garin nan, ka manna ta da tef mai fuska biyu a kan roba inda ba ƙarfe kusa.

In ka gama kar ka kai shi babban layi. Layin saiti, wato guntun layi daban da kwantirola ke saita dikoda a kai, zaka fara ɗora shi, can wutar kaɗan ce, ko da kuskure da wuya ta ƙona wani abu. Kace kwantirola ta karanto maka CV1 (CV guraben saiti ne a cikin dikoda, na 1 shi ke riƙe lambar jirgin), zaka ga jirgin ya ɗan zabura kaɗan-kaɗan sannan ta nuna 3, duk sabuwar dikoda da lamba 3 take zuwa. In ka ga 3 ka gode Allah. In tace bata ga komai ba ko ta nuna kuskure, sauke shi ka koma kan mita.

DanLoko_Kakuri ya rubuta:

Ni ba gwanin dalma bane amma na karanta wa Baba wannan hirar, shi yayi aiki a relwe tun zamanin kwal, ɗan wuta ne kafin ya zama direba, ya bi Kaduna zuwa Kafanchan ya bi Minna ya bi Zariya. Dariya yayi ta yi wai manya da gemu suna wasa da jirgin roba, amma daga baya shi ya hana ni tashi sai na rubuta muku wannan.

Yace in zaku sa masa ƙara ku sa daidai ko ku bari. Kan jirgi mai silinda biyu, irin waɗanda suka tuƙa a nan masu sunayen koguna, masu ƙafa 2-8-2 da aka ƙera a Ingila suna cin kwal ɗin Inugu, numfashi huɗu yake yi duk juyi ɗaya na babbar ƙafa. Na duba naka kuma, Scotsman silinda uku gare shi, tun 1923 da aka ƙera shi a Donkasta, kenan shida ne nasa a juyi ɗaya. To in ka sayi mai ƙara ka tabbata sautin na mai silinda uku ne, kuma ka zauna ka daidaita shi da ƙafa, ka ɗiga farin fenti a ƙafa ɗaya ka tuƙa a hankali kana ƙirgawa. A LokSound, dikoda mai ƙara ta ESU, CV57 da CV58 ne suke wannan aikin. Masu arahar yawanci ƙarar tana bin lambar gudu ne kawai ba ruwanta da ƙafa, Baba yace wannan rediyo ne ba jirgi ba.

Abinda yafi damunsa ma ba ƙarar bace, tashi ne. Yace duk bidiyon da na nuna masa jiragen suna fizga kamar ɗan acaɓa yaga fasinja. Jirgin kwal mai kaya in zai bar tashar Kaduna Junction sai ya buɗe famfunan silinda tururi ya fita fuuu ta gefe don ruwan da ya taru ya fice, sannan direba ya buɗe masa kaɗan, kaji taragai suna amsawa ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, in ka buɗe da yawa ƙafa ta zame tayi ta juyawa a banza sai an zuba yashi. Kuma in ya kusa tasha direba rufewa yake, numfashin ya ɗauke ɗif, ba abinda kake ji sai ƙarar sanduna da ƙafa a kan mahaɗar dogo. Wannan ko ba sifika zaka iya samun rabinsa, CV3 shine jinkirin tashi CV4 na tsayawa, ka ɗaga su sosai, CV5 kuma ka rage masa ƙarshen gudu don tsofaffin Tri-ang gudun tsiya gare su.

Ya kuma tambaya wai ba mai yin namu na Najeriya? Nace masa sai dai mutum ya ƙera da hannu. Tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1067, ba irin na Rigasa zuwa Abuja mai 1435 ba, to wanda zai yi shi a kan layin OO mai milimita 16.5 sai ya gina bodin a sikelin 1:64 kafin faɗin ya dace. Ga masu hannu a Panteka nan, ƙalubale gareku.

DanBarnawa ya rubuta:

A gaida Baba da kyau, ace masa mun ji kuma zamu gyara tashi. Labari mai daɗi, na samu mai amfiya 1 wajen wani ɗan uwa a Malali da ya rage kayansa, na haɗa, layin saiti ya nuna 3, na bashi lamba 44. Yana tafiya, murhu na ci in na danna maɓallin F1 a kwantirola, yara har da tafi. Saura matsala uku ƙanana, in nace gaba sai yayi baya, har yanzu yana ɗan tsayawa a mararraba sai na taɓa shi, sannan taragon kwal ɗin yana sauka daga layi a kwana.

Malama_Fiziks ta rubuta:

Barka. Na farkon ka musanya ruwan lemo da ruwan toka a kan buroshi, ko ka ƙara 1 a kan abinda ke cikin CV29 in kana ƙyuyar kunna ayan. Tunda ma zaka shiga CV29 ɗin, in ka tarar da 6 ka mayar da shi 2, ko 3 in ka haɗa da juya gaban, wannan 4 ɗin da ka cire shine izinin tafiya a DC. Yadda wutarmu take ƙiftawa ana komawa inbata ko janareta, wani lokacin dikoda sai ta ɗauka DC aka bata ta kwasa a guje har sai ta faɗo daga tebur.

Tsayawa a mararraba kuma ƙafafun da suke ɗaukar wuta ne basu da yawa, ga ƙurar hunturu ta fara sauka. Ka goge layi da tsumma da sifirit, banda sanfefa, ka goge bayan ƙafafun inda farantin yake shafa, ka riƙa rufe teburin da tsohon zani in kun gama. In bai daina ba sai a sa masa kafasitan ajiya wanda zai riƙe shi na ɗan lokaci in wuta ta yanke, amma ka duba takardar dikodarka ko tana da wajen liƙa shi, ba kowacce ba.

MaiDalma_Panteka ya rubuta:

Na sauka a kwanar nan wayoyinka ne suka yi tauri, na tabbata irin na gyaran fanka ka sa, suna turo taragon waje in ya zo juyawa. Nemi mataccen maus na kwamfuta ka farke igiyarsa, wayoyin ciki sirara ne masu laushi kuma zasu ɗauki amfiya 1 a wannan ɗan tsawon. Ka bar musu ɗan rara su yi lanƙwasa tsakanin kai da tarago, kar ka murɗe su wuri ɗaya, sannan ka manna noti biyu ko uku a cikin taragon ta gaba don yayi nauyi, ka lulluɓe su da tef kar su taɓa dikoda. In ka rasa maus ɗin ka shigo Panteka ranar Asabar bayan azahar, akwai buhu guda a shago, ka taho da jirgin ma in gani.